Kunnen Doki a Mosko

Rashawa suna da wata kalma da har yau, bayan shekara 40, ba ta bar bakina ba. Idan aka yi wasa ba wanda ya ci wani, sai su ce niciya, ma'ana "ba ta kowa ba". Mu mukan ce an yi canjaras, ko an tashi kunnen doki, 'yan dambe kuma su ce babu kisa. Namu duk mutum biyun suke aunawa, a ga ba wanda ya ɗara wani. Tasu kuwa nasarar take kallo, wadda aka bari yashe a tsakiyar fage, kowa ya kama hanyar gida bai ɗauke ta ba. Tsakanin Satumbar 1984 da Fabrairun 1985, sau 40 aka shelanta wannan kalma a kan mutum biyu kacal, kuma ɗaya daga cikin 40 ɗin a gaban idona aka ƙulla ta.

Na sauka Mosko a watan Satumba na 1983 ina ɗan shekara 20, da akwatin ƙarfe da rigar sanyi guda ɗaya wadda a hunturun Zariya ake ganin ta isa. Lokacin Tarayyar Sobiyet na gina masana'antar ƙarfe ta Ajakuta, ana kuma ɗibar samari daga gida ana kai su karatun injiniya da likitanci. Shekarar farko ba abin da ake koya maka sai harshe. Safe da yamma kana fama da baƙaƙen da ba su yi kama da boko ba, ba su yi kama da ajami ba, ga rana da ke faɗuwa tun kana ganin yanzu ka sallame la'asar.

A ƙofar gidan kwanan ɗalibai akwai ɗan teburi da fitila mai koren murfi, inda mai gadi ke zama yana duba katin shiga. Dattijo ne da ya yi yaƙin duniya na biyu, ya baro yatsu biyu na hannun hagu a can, ya kuma ƙare ƙarfinsa a wata masana'anta kafin ya yi ritaya. Ban taɓa kama sunansa ba. Dyadya nake ce masa, wato Kawu, shi kuma ya ce mini sinok, ɗana. Wani dare na dawo na tarar da shi ya shimfiɗa allon katako mai gida 64, baƙi da fari, jarida a gefe, yana motsa 'ya'yan ɓangarorin biyu shi kaɗai. Na tsaya a kansa na kasa wucewa. Abin da ya zo mini shi ne mahaifina da abokansa a gindin durumi bayan la'asar, an haƙa gurbi 30 a ƙasa, wannan da karare 12, wancan da tsakuwa 12, 'yan kallo sun yi musu rumfa da kawunansu. Da guntun Rashancina na ce masa a garinmu ma ana irin wannan, sunanta dara. Bai ce komai ba. Da ƙafa ya turo mini kujera.

A bakinsa na koyi ces, shi ya sa har gobe ba na kiran 'ya'yanta da sunayen da Turawan Ingila suka ba su. Yadda Rashawa ke kira haka na mayar da su Hausa a kaina. Akwai sarki. Akwai ferz, wanda asalinsa kalmar Farisa ce ta mai ba sarki shawara, ni kuwa na ce waziri, shi ne mafi ƙarfi a allo. Akwai giwa mai tafiya a karkace, da doki mai tsallake, da jirgi mai tafiya miƙe. Sai ƙananan nan takwas da ke jere a gaba, peshka, na kira su dakaru. Dakare gida ɗaya yake takawa, sai fa fitarsa ta farko da yake iya taka biyu, kuma ba ya komawa baya har abada. Amma idan ya jure ya kai layi na 8, can ƙarshen ƙasar abokan gaba, sai a naɗa shi waziri. Kawu ya fi ƙaunar dakaru a kan komai. Idan na yi sakaci na ba da ɗaya a banza, yakan ɗauke shi da yatsunsa uku ya riƙe a gaban fitila ya daɗe yana kallona.

Koyarwarsa ba ta ƙwalisa ba ce. Bai taɓa nuna mini yadda ake kashe sarki a taku goma ba. Abin da yake yi, sai ya jera allo ya ba ni ɓangaren da ya riga ya lalace, dakare ɗaya ya yi mini ƙasa, sarkina a lungu, ya ce in riƙe. Sai in yi ta neman hanyar kai hari, shi kuma yana girgiza kai. A ganinsa, wanda bai iya zama cikin wahala ya hana a cinye shi ba, bai fara wasa ba tukuna.

Ana cikin haka aka buɗe karawar neman kambun duniya, ranar 10 ga Satumba, 1984. Mai riƙe da kambu Anatoli Karpov ne, ɗan shekara 33, mutumin Zlatoust a yankin duwatsun Ural. Ya hau gadon ne a 1975 ba tare da an gwabza ba, domin Bobby Fischer na Amurka ya ƙi fitowa ya kare kambunsa, kuma kamar don ya wanke wannan tabo, Karpov ya shafe shekaru yana lashe gasa bayan gasa, ya kayar da Viktor Korchnoi sau biyu, a 1978 da 1981. Siriri ne, mai sanyin murya, wasansa kamar mesa: ba ya sara, naɗe mutum yake yi a hankali har numfashi ya ƙare. Mai ƙalubalantarsa Garri Kasparov, ɗan shekara 21 daga Baku ta Azarbaijan, wuta ce a tafe. Sharaɗin kuwa shi ne wanda ya fara cin wasa 6 ya ɗauki kambu. Canjaras ba a lissafa shi, ko sau nawa aka yi.

Wanda bai zauna ƙasar a wancan zamani ba zai yi wuya ya gane yadda ces take a wurinsu. Yadda ake zancen ƙwallo a teburin mai shayi, haka ake zancenta a layin sayen burodi. Da daddare talabijin na kawo allo, wani gwani ya tsaya yana bayanin takun da aka yi. A jirgin ƙarƙashin ƙasa kana ganin mutum da ɗan ƙaramin allon aljihu a kan gwiwarsa, na kusa da shi, wanda bai san shi ba, yana leƙowa yana nuna masa gida da yatsa. Kawu na Karpov ne, ba ya ɓoyewa. Ni kuwa na Kasparov, don shekara ɗaya aka haife mu, kuma shi ma daga kudu ya zo wannan birni mai sanyi.

Kafin a ce kwabo an yi wa gwanina ca. Karpov ya ci wasa na 3, na 6, na 7 da na 9. Huɗu ba ko ɗaya, cikin wasa tara. Kowa ya ce kafin ƙanƙara ta sauka an gama. Daga nan ne abin da ba a taɓa gani ba ya faru: wasa 17 a jere, daga na 10 zuwa na 26, duk niciya. Wasu ba su kai taku 20 ba an miƙa hannu. 'Yan kallo suka fara gunaguni, har da masu fito a cikin zaure, ɗalibai 'yan'uwana kuma suka daina tambayar yadda aka tashi. Ni ma na ƙosa. Na ce wa Kawu yaron ya tsorata ne, ya daina faɗa. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau ya ce: "A'a, sinok. Yaron ya koyi zama. Yanzu ne na fara jin tsoronsa."

A wasa na 27 Karpov ya ƙara ɗaya, ya zama 5 da 0. Saura ɗaya tak. Tun daga ranar, duk lokacin da Kasparov ya ja kujera ya zauna, ya san kuskure guda ya ishe shi ya koma Baku da abin kunyar da zai bi shi har kabari. Ya riƙe huɗu, sannan a wasa na 32, cikin Disamba, ya ci Karpov karo na farko a rayuwarsa. Sai aka koma gidan jiya. A ƙarshen watan ma sai da aka dakata, saboda ministan tsaro Dmitri Ustinov ya mutu, kuma a zauren da ake wasan ne ake ajiye gawar manyan ƙasar jama'a su yi bankwana.

Janairun 1985 shi ne wata mafi nauyi da na taɓa gani. Na gama shekarar harshe na shiga karatun injiniya sosai, inda malami ke zuba bayani ba ya jiran kowa. Jarrabawar tsakiyar shekara ta zo, na faɗi lissafi, aka ce saura mini dama ɗaya. A makon ne wasiƙar mahaifina ta iso, bayan ta yi kusan wata a hanya. Damina ba ta yi kyau ba, geron da aka samu ba zai kai ga wata shuka ba, an sayar da shanu biyu a kan kuɗin da ba su kai na ɗaya ba. Bai ce in dawo ba, bai ma yi ƙorafi ba, addu'a ya cika takardar da ita. Amma na karanta abin da bai rubuta ba. Na yi kwana uku ban taɓa littafi ba, ina kwance ina lissafin yadda zan nemi tikitin komawa. Idan zan fita sai in sunkuyar da kai in wuce teburin Kawu.

A rana ta huɗu ya tare ni. Bai tambaye ni abin da ke damuna ba. Takardu biyu ya zaro daga aljihun ƙirji, waɗanda ya samo ta hannun ƙungiyar ma'aikatan tsohuwar masana'antarsu, ya ce: "Gobe wasa na 41. Ka sa riga mai kyau."

Muka sauka a tashar da a lokacin ake kira Prospekt Marksa, kwabo biyar nasu kuɗin jirgin. Gari ya riga ya yi duhu, sanyi na yankan kunne kamar reza. Ginin ana ce masa Gidan Ƙungiyoyin Ƙwadago, ɗan taƙi ne daga fadar Kremlin, zauren cikinsa kuma Zauren Ginshiƙai. Muka miƙa manyan rigunanmu ga matan da ke ajiya, Kawu ya tsaya gaban madubi ya gyara lambobin yaƙinsa da ya maƙala a kwat. Ban taɓa ganinsa da su ba sai ranar. Da muka shiga sai na ji ƙafata ta yi nauyi. Fararen ginshiƙai 28 sun kewaye wurin, fitilu masu ƙyalli na reto daga sama, a nan aka shimfiɗe Lenin, a nan aka shimfiɗe Stalin da Brezhnev. A kan dandamali kuwa ba komai sai ɗan teburi guda, kujera biyu, agogo mai fuska biyu, da wani babban allo a tsaye wanda ake matsar da 'ya'yansa don na nesa su gani. Alƙalin wasa Svetozar Gligoric ne, gwanin Yugoslabiya, dattijo mai natsuwa.

Da suka fito, abin da ya fara kama idona shi ne ramar Karpov. Kwat ɗinsa kamar an rataye a ƙusa. An ce kafin a watse ya zubar da kilo 10. Kasparov ya shigo da sauri, ya miƙa hannu ba tare da ya dubi fuskar abokin karawarsa ba. Wata huɗu ke nan suna zama gaba da gaba, kowa ya san numfashin kowa. Kar ta san kar.

Karpov ke da farare. Ya tura dakaren gaban sarki, Kasparov ya amsa da buɗewar da duniya ke kira ta Petrov, Rashawa kuma suke ce mata wasan Rasha. Kawu ya yi wani ɗan sauti a maƙogwaro. Wannan garkuwar Karpov ce, da ita ya saba kare kansa, ga shi yaron ya ɗauke ta ya tare shi da ita. Tun a taku na 19 aka yi musayar wazirai, allo ya fara yin fili, kuma da ƙura ta lafa sai ga Karpov da rarar dakare ɗaya, can gefen hagu, a layin da ake kira a. Ba kowa a gabansa. Irin matsayin da Karpov ya gina sunansa a kai ke nan: 'yar riba ƙanƙanuwa, ba hayaniya, a yi ta matsawa har ta zama dutse.

Ban san akwai shiru iri-iri ba sai a wannan zaure. Akwai na mutanen da suka gaji, wanda muka tarar da muka shigo. Akwai kuma wanda ya sauko bayan awa huɗu, lokacin da dakaren nan ya taka a4, ya sake takawa a5, kowa ya gane cewa yau ba a zo miƙa hannu da wuri ba. Ba mai tari. Kasparov ya dafe kai da hannu biyu, ya sunkuya har goshinsa na neman taɓa 'ya'yan. Dokar ita ce kowa ya yi taku 40 cikin awa biyu da rabi, lokaci kuwa ya fara ƙurewa.

A taku na 32 Kasparov ya sa jirginsa ya cinye giwar Karpov. Shi ma ya bar tasa giwar a d1, dab da jirgin Karpov, ba mai tsaronta. Ko yaron da ya fara wasa jiya ya san abin da zai yi: an ci maka giwa, ga giwa a bakinka, ka rama. Ni ma abin da na gani ke nan. Sai na ji yatsu uku sun damƙe mini hannu, damƙar da sai da ta bar shaida. Kawu bai dube ni ba, idonsa na kan babban allon, leɓɓansa na motsi ba sauti: peshka, peshka. Dakaren. Yana a5, saura masa taku uku ya zama waziri. Idan aka ƙyale giwar aka tura shi a6, baƙaƙe na da aiki biyu a gabansu, su tsirar da giwarsu, su kuma tare dakaren, taku ɗaya kuwa ba ya yin aiki biyu.

Karpov ya miƙa siririn hannunsa ya ɗauke giwar.

Kawu ya sake ni. Ya jingina da kujera ya rufe ido. Wannan taku guda da aka ɓata shi ne duk abin da Kasparov ke nema. Ɗaya giwar tasa ta zabura ta dawo tsakiya, ta zagaya ta tsaya a a7, a kan hanyar dakaren, kamar an ɗora dutse a bakin rijiya. Bayan 'yan taku kaɗan jirginsa ya bi ta baya ya cinye dakaren. Da aka cika taku 40 aka ɗage wasan, kamar yadda ake yi a zamanin: mai taku ya rubuta abin da zai yi a ɓoye, a sa a ambulan, a liƙe, alƙali ya tafi da shi. Har yanzu Karpov na da rarar dakare, biyu da ɗaya, amma duk sun taru a gefe guda, inda mai tsaro ke iya kafa ƙafa.

Ba mu yi magana ba har muka fito. Ƙanƙara na ƙara a ƙarƙashin takalmanmu. Sai da muka zauna a jirgi ya ce, kamar mai magana da kansa: "Shekara goma yana tura irin wannan dakare ko a cikin barci." Daren nan bai kwanta ba, ni ma ban hau sama ba. Ya dafa shayi baƙi, ya kawo sukari na ƙwaya da busasshen burodi, muka jera matsayin taku na 33 a ƙarƙashin koriyar fitila. Ya ba ni baƙaƙe ya ce in tsira. Na gwada janye giwar, dakaren ya wuce. Na gwada kai jirgi bayansa, doki da jirgin farare suka rufe hanya. Duk ƙofar da na ƙwanƙwasa a kulle take. Daga baya manyan gwanaye suka tabbatar da abin da tsohon mai gadi ya gani daga kujerarsa: da Karpov ya tura dakaren, wasan nasa ne, an tashi 6 da 1, kambu ya zauna inda yake.

Sannan ya juya allon ya jera inda aka ɗage wasan, ya sake ba ni baƙaƙe. "Wannan fa?" Na duba. Dakare ɗaya ya yi mini ƙasa, sarkina a lungu. Irin abin da ya shekara yana ba ni ne. Muka buga har aka kusa asuba, ya ci ni sau biyu, a na uku na riƙe. Da na tashi zan je in yi alwala ya ce, ba tare da ya ɗago ba: "Yaushe ne jarrabawar taka?" Ashe ya sani. Na faɗa masa. Ya ce: "To, kwana tara ke nan. Yaron can wata huɗu ya yi."

Ci gaban wasan a rediyon Kawu muka ji shi. Karpov ya yi ta juyi yana neman kafa har taku na 71, bai samu ba. Niciya. A jadawalin jarida layi ɗaya ne cikin layuka masu kama da juna, wanda bai je ba zai ɗauka ranar ma ba abin da ya faru. Ni kuwa na ga mutum ɗaya ya kai hannu kan abin da ya yi wata huɗu yana nema ya ɗauki na kusa da shi, na ga ɗayan an sa masa wuƙa a wuya ya tashi da ransa. Tun daga ranar ban ƙara yarda da mai cewa canjaras wasan banza ne ba. Akwai na lalaci, na gani da yawa a wannan karawar ma. Amma akwai wanda ya fi nasarori da yawa tsada, kuma ba a gane shi daga sakamako, sai an bi takun ɗaya bayan ɗaya.

Na zauna na yi kwana taran nan a kan littafi. Na ci jarrabawar da mafi ƙarancin makin da ake wucewa da shi, kuma ban taɓa karɓar sakamakon da ya kai shi daɗi ba.

Karpov bai sake cin ko wasa ɗaya ba a karawar. Aka yi canjaras biyar, sai Kasparov ya ci na 47. Aka kwashe su daga Zauren Ginshiƙai aka mayar otal ɗin Sport, can nesa da tsakiyar gari, ya kuma cin na 48, wannan karon Karpov ne ya ɗauki garkuwar Petrov aka fasa ta a hannunsa. Ya zama 5 da 3. Ranar 15 ga Fabrairu, 1985, shugaban hukumar ces ta duniya, Florencio Campomanes na Filifin, ya tara 'yan jarida ya ce an dakatar da karawar ba tare da gwani ba, wai don lafiyar 'yan wasan, alhali su biyun sun faɗa a gaban jama'a cewa a shirye suke su ci gaba. Na ji zafin hukuncin a lokacin, har yau kuma ina ganin ba a kyauta ba. Wanda ke gaba an ƙwace masa wasa biyar da ya ci da guminsa, wanda ke tasowa an tare shi a lokacin da ƙafarsa ta kama ƙasa. Wata biyar, wasa 48, aka share kamar ba a yi ba.

Aka sake sabuwa a watan Satumba, an ƙayyade wasa 24. Ranar 9 ga Nuwamba, 1985, Kasparov ya ci na ƙarshe, aka tashi 13 da 11, ya zama sarkin ces yana ɗan shekara 22. Na sauko da gudu in gaya wa Kawu, sai na tarar ya riga ya ji. Ya miƙe tsaye ya ba ni hannu kamar ni na ci. Sau biyar mutanen nan biyu suka kara a kan kambu, har zuwa 1990, wasa 144. Kasparov ya ci 21, Karpov 19, sauran 104 ba na kowa ba. A lokacin ƙuruciya Kasparov kaɗai nake gani a labarin. Yanzu da furfura ta cika mini kai, Karpov nake yawan tunawa, da siririn hannun nan da ya miƙa. Bai yi wauta ba. Abin da ido ya nuna masa ya ɗauka, a gajiye, agogo na bin sa. Kuma bayan ya rasa kambun bai tafi ya ɓuya ba, sau uku yana dawowa ya zauna a gaban mutumin da ya karɓe shi. A 2007, da aka tsare Kasparov na 'yan kwanaki a Mosko saboda zanga-zanga, Karpov ya je ƙofar wurin don ya gan shi. Ba a bar shi ya shiga ba, sai ya bar masa mujallar ces.

Kwanakin baya jikana ya zo hutu, ya ga ina jera matsayin taku na 33. Ya ɗauki hotonsa da waya, kafin in gyara zama na'urar ta nuna a6. Ya ce: "Kaka, ai mai sauƙi ne." Na ce masa haka ne, ga wanda ba shi da wata huɗu a kafaɗarsa. Yanzu ba a ɗage wasa, ba ambulan, ba wanda zai kwana a kan allo da shayi yana neman abin da waya za ta faɗa masa nan take. Ba na cewa zamaninmu ya fi. Ina dai kewar daren nan.

Na bar Mosko a bazarar 1989. Kawu ya riga ya daina gadi, ƙafa ta hana, don haka na bi shi gida, wani ɗan ɗaki a hawa na huɗu. Matarsa ta kawo shayi da dafaffen dankali. Ya ce mu buga na bankwana, ya ɗauki farare. Shekara shida muna wasa, in dai daga farko aka fara, ban taɓa tsira daga hannunsa ba. Ranar ma ya ci mini dakare tun da wuri, ya shiga matsa ni yadda gwaninsa ke yi, ba sassauci, don ba ya cikin masu bari a ci su saboda kara. Na ja sarkina lungu na zauna. Muka yi ta juyi har hasken taga ya canza, shayin ya huce, matarsa ta leƙo sau biyu ta koma. Can ya tsaya ya daɗe yana kallon allon, ya gwada wani abu da ido, ya girgiza kai. Sai ya miƙo mini hannun nan mai yatsu uku ta saman 'ya'yan.

"Niciya, sinok."

Ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya ya zuba a cikin allon, ya rufe, ya naɗe shi da tsohuwar jarida, ya ɗaure da zare, ya ɗora mini a cinya.